Turmin Yaya Hajo a Shekarar Yunwa

Daminar bana ita ce ta biyar tun da aka kai yayata Hajo makwancinta. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, aure kuma ya ajiye mu a unguwa guda nan Madarunfa, darni kaɗai ya raba gidanta da nawa. Shekara biyar, kuma har yau akwai safiya ɗaya da ban gama sasantawa da ita ba.

Yaya tana da wata al'ada. Kowace safiya, kafin taɓarya ta sauka cikin turmi, sai ta ambaci abu ɗaya da take gode wa Allah a kansa, da ƙarfi, kuma ba ta maimaita na jiya. Yau akuya ta haihu, gobe ciwon haƙori ya lafa, jibi gugan da ya faɗa rijiya ya fito. A shekarun gyaɗa, lokacin da kamiyo, manyan motocin kaya, ke tashi daga kasuwa da buhuna har sama, ni dariya nake mata. A raina ina cewa mai rumbu cike ai godiya ba ta yi masa wuya.

Ana nan ana nan, ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ta wuce ba ta bar komai ba, ta biyu ma haka. Maza suka tsallaka Katsina neman abin kaiwa baki. Turame suka yi shiru a unguwa, ɗaya bayan ɗaya, har ya rage na Yaya. Mijinta ya riga ya rasu, ba ta da mai aiko mata, amma kullum safiya sai mu ji godiya, sai mu ji daka.

A wurinmu, inda aka ji taɓarya akwai hatsi. Mata suka fara magana a bakin rijiya, wai Hajo ta binne gero a ƙasa. Na ce ƙarya ne, amma na daina shiga gidanta. Jikata Hadiza tana kwance, wuyanta ya koma kamar kara, ni kuwa ina jin daka ta bayan darni. Na ce wanda cikinsa ba komai ba ya godiya da irin wannan murya.

Wani hantsi na ga ta fita wajen tafki, sai na shiga. Na leƙa rumbu, wayam. Na ɗaga tabarma, na ƙwanƙwasa daɓe ko zan ji rami. Hannuna na cikin tukunyarta ta shigo. Abin da ke ciki ƙwayar ƙarangiya ce, ba ta cika tafi biyu ba. Ita take tsinkowa a daji ta hanyar Gabi, ta daka, ta sheƙe. A ranar na lura da yatsunta, duk ƙaya ta farfasa su.  Ta raba ƙwayar biyu, ta zuba mini rabi a bakin zane, ta ce a dama wa yarinya.

Da gari ya waye na kasa kunne. Sai na ji ta ce: “Na gode Allah, jiya ƙanwata ta tako ɗakina, wata uku rabonta da shi.” Taɓarya ta sauka.

Godiya ce ko gori? Wata da watanni ina juya maganar. Hadiza ta miƙe, ruwa ya dawo, zazzaɓi kuma ya kwantar da Yaya kafin sabon gero ya nuna. Ina yi mata fifita na tambaye ta ko don ta ƙona mini rai ta faɗi haka.

“Indo,” ta ce, “kin ƙona nawa dai. Na duba ko'ina ranar, ban samu abin faɗi ba sai wannan. Da ban samu ba, da ban iya ɗaga taɓarya ba.”

Yau rumbuna sun cika, samari na yawo da rediyo a kafaɗa, kowa ka gaisar sai ya ce alhamdulillahi tun ba ka rufe baki ba. Ni ban cika yarda da wannan godiyar ba. Baki na faɗinta, ido na auna rumbun maƙwabci. Da Yaya na nan, na san abin da za ta tambaya: a kan me? Faɗi sunansa. Da yawa za su yi shiru.

Ni ma na gwada irin tata. Kwana tara na yi, abin faɗi ya ƙare mini, ga tuwo a gabana. A nan na gane aiki take yi, aiki mai nauyi kamar noma, kuma shi ya riƙe ta tsaye lokacin da muka zube.

Ban roƙe ta gafara ba, ita ma ba ta ce ta yafe ba. Kunya ta riƙe mini harshe har aka rufe ta. Ku da kuke karatu, in kun kai nan, ku yi mata addu'a. Ni kuwa ku roƙa mini Allah ya sa ta yafe tun ranar da ta raba ƙwayar nan biyu.