Kunyar 'Yar Fari

Ranar da maigidana ya samu aikin koyarwa a ƙasar waje, ban tambaye shi sanyin garin ba, ban tambayi ko ana samun daddawa ba. Maganar yarinya na fara yi. 'Yar ƙanwata ce ta fari, an kawo mini ita Malumfashi washegarin yaye, tana kuka, majina har haɓa. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba, don haka ita ce ɗiyata, ni take kira Mama. Uwar da ta haife ta, wadda ke aure a wani ƙauye bayan Kafur, Anti take ce mata. Shekara tara tana hannuna babu wanda ya taɓa tambayata takarda a kanta.

Masu biza ne suka fara. Malam, maigidan nawa, ya zaunar da ni ya karanto mini sharuɗɗan. Bizar iyali ta matarsa ce da 'ya'yan cikinsa, ko yaron da kotu ta damƙa masa a rubuce. Akwai ta ziyara, wadda kafin yarinya ta saba da makaranta wa'adinta ya cika. Akwai ta karatu, ita kuwa ta 'ya'yan masu hali ce. Riƙo irin namu, na "ga ta nan, Allah ya raya," ba shi da gurbi a fom ɗin. Wani mai shagon cike takardu a Funtua ya rage murya ya ce a yi mata sabuwar takardar haihuwa da sunayenmu, kwana biyu ya gama. Yadda yake magana yana leƙen ƙofa bai kwanta mini ba, Malam kuma ya ce ba zai ɗora tafiyarsa a kan ƙarya ba. Hanya ɗaya ta rage: kotu ta ba mu riƙo, amma kafin nan sai iyayen sun je ofishin walwalar jama'a sun ce 'yarsu ce, sun kuma amince ta tafi.

Uban bai ba mu wahala ba. Daga gona ya zo, ya dangwala yatsa, ya yi mana addu'a, ya koma kan masararsa. Ƙanwata ce ta zama aiki. Ranar farko autanta na zazzaɓi. Ta biyu babur ya lalace. Ta uku ana suna a maƙwabta, kamar in ba ta je ba jaririn zai zauna babu suna. Ɗaki ɗaya muka tashi da ita, na san halinta sarai. Ba ta taɓa ce mini a'a ba tunda take, sai dai ta yi ta "to, Yaya" har in gaji in bari. A karo na huɗu ni da kaina na je na ɗauko ta.

Jami'ar ofishin wata dattijuwa ce Kirista, 'yar garinmu, mai haƙuri. Ta nuna yarinyar ta tambayi ƙanwata ko 'yarta ce. Ƙanwata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ta Yaya ce," in ji ta.

Aka tambaye ta sunan yarinyar, ta ce Yaya ta sani. Jami'ar ta yi murmushi, ta ce ta san kunyar ɗan fari, ita ma uwarta har ta rasu ba ta taɓa kiran sunanta ba, amma takarda ba ta san kunya ba. Ta ce mu je mu dawo.

Kowa na gaya wa sai ya yi dariya ya ce kunya ce. Ni ban yarda ba. Gaskiya ne ƙanwata ba ta taɓa kama sunan yarinyar ba, "'yar Yaya" take cewa. To amma matar da ke cinikin waken suya da 'yan kasuwar Bakori ido cikin ido, ita ce kunya za ta ɗaure wa baki a gaban mace ɗaya? Na fara tuno abubuwa. Kayan sallar da ta aiko bara sun zauna wa yarinyar cif, ni kuwa ban ba ta awo ba. Kiran wayarta ya yawaita, kuma kullum sai lokacin da aiki ya tsare ni a makarantar da nake koyarwa. Na zargi uwar mijinta da zuga ta. Na zargi mijin da saurin dangwala yatsa don ya san matarsa za ta ƙi. Har Malam ban bari ba, na ce ƙila tafiya babu yarinya ta fi masa sauƙi. Na tsare yarinyar na tambaye ta me Anti ke ce mata a waya. Ta ce ba komai, ta dai tambaye ta ko tana tsoron jirgi. Raina ya ɓaci, kuma tsoro ya kama ni, don na ga ana shirin raba ni da ita cikin ladabi.

Na samu ƙanwata a ƙauye tana shiƙar dawa, na zazzage mata abin da ke cikina. Na ce kalma huɗu ce kacal, "ni na haife ta," ko 'yan aji ɗaya na koya wa abin da ya fi wannan tsawo. Na sa ta maimaita, tana faɗa ciki-ciki, ina cewa ban ji ba. Na ce in dai kunya ce, ta ajiye ta a bakin ƙofar ofis tare da takalminta. Ta karkaɗe ƙaiƙayi daga zanenta ta ce, "To, Yaya."

Da muka koma, yarinyar na zaune a benci a bayanmu. Jami'ar ta sake tambaya. Ƙanwata ba ta taɓa mayafi ba.

"Ni na haife ta," ta ce, sannan ta kira sunan yarinyar cikakke, da murya sarai.

Na yi ajiyar zuciya, har na fara jin kunyar zargin da na yi mata. Jami'ar ta rubuta, sannan ta yi tambaya ta biyu, wadda duk bitar da na yi mata ban tuna da ita ba: ta amince 'yarta ta bar ƙasa? Ƙanwata ba jami'ar ta duba ba, ni ta duba.

"Yaya, ki yafe mini. Malumfashi na ba ki ita, inda in na ji ba ta da lafiya zan hau babur in zo. Can ban san hanya ba. Ban amince ba."

Ashe zargina gaskiya ne, sai dai ban fahimce shi ba. Duk guje-gujen nan don kada ta ce mini a'a a fuskata ne, ni kuma na yi ta janta har na sa mata maganar a baki. Jami'ar ta rufe fayil, ta ce ba tare da yardar uwa ba babu inda maganar za ta je. Na shiga tattara takarduna.

Yarinyar ta gaji da zama, ta taso ta ce, "Mama, mun gama?"

Mu biyu muka amsa mata.