Kitson Sallah da Malama Ummuhani Ta Yi wa 'Yar Farinta

A wajen wani suna a Maƙarfi na ji wata mata, bakinta cike da goro, tana cewa wai marigayiya Malama Ummuhani ta yar da 'yarta ta tafi karatun boko. Ban tanka mata ba don gidan mutane ne. Amma ƙarya take yi, kuma tunda masu baki ba sa gajiya, bari in rubuta abin da na sani. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da na mijinta a Kudan, kuma ita ta koya mini baƙi da wasali.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka ɗauke ta kwalejin horon malamai mata, da aurenta da 'yarta ɗaya, Kulu. Mijinta Inuwa manomin rake ne, shi ya raka ta tasha da kansa. Kulu kuwa tun da aka yaye ta tana hannun kakarta Iya Sabuwa, uwar Inuwa. Ba karatun uwar ne ya kai Kulu can ba. 'Yar fari ce, kuma a wancan lokaci uwa ba ta ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba ta yi masa wasa, ko sunansa ba ta faɗa. Kulu ma "Yaya" take ce mata.

A shekararta ta ƙarshe hutu ya faɗo cikin azumi. Malamarsu, wata Baturiya, ta ba su aikin hutu: kowace ta zauna da ƙaramin yaro, ta yi hira da shi, ta lura da wasansa da maganarsa, ta rubuto. Wadda ba ta kawo ba, ba za ta zauna jarrabawar fita ba. Masu 'ya'ya kuma dole nasu za su yi. Ita a ganinta sauƙi ta yi musu.

Ummuhani ta dawo ta tarar aiki na jiran ta. Lokacin yankan rake ne, ana dafa mazarƙwaila a bayan gari, kunun buɗa-baki na masu aiki duk daga gidan yake fita. Ga daka, ga ɗinkin Sallah. Sauran darussan ta yi su tsakanin azahar da la'asar, littafi a cinya tana tsintar wake. Wannan ɗaya ne ya gagara. Kulu na wasa da 'yar tsana a tsakar gida, ita tana leƙe daga ƙofar madafa. Da yarinyar ta matso sai ta ji idon matan gida a kanta, ta ce, "Ke, tafi wajen Iya."

Uwata ta ba ta shawara ta rubuta a kan ɗan wani ta ce nata ne. Ta ce ba za ta yi ƙarya da azumi a bakinta ba.

Ranar jajibere mata sun cika tsakar gida ana lalle da kitso, Iya Sabuwa ta kira Ummuhani.

"Tun da kika dawo kike leƙen yarinyar nan kamar kin ba ta ajiya. Mene ne?"

Ta durƙusa, kai a ƙasa, ta faɗi abin da aka sa ta.

Iya ta ce, "Ita Baturiyar ba ta da 'yar fari ne?"

"Ba ta yi aure ba, Iya."

"Ai na ga alama."

Mata suka kwashe da dariya. Iya ta jira suka gama, sannan ta ɗaga hannu ta ce da ƙarfi, "Yatsuna sun ƙi, sanyin ƙashi ya tashi. Zo ki kitse wa wannan mai kan ƙwaryar. Aikena kike yi. Mai magana ta zo ta same ni."

Da hannun nan kuwa ta wuni tana kaɗin zare, kowa ya gani.

Kulu ta zauna tsakanin ƙafafun uwarta. Ba a ja layi biyu ba ta ce, "Yaya, hannunki ya fi na Iya zafi."

Iya ta ce, "Ji 'yar nema! Jiya ba ke kika ce ni muguwa ce ba?"

Daga nan bakin Kulu ya buɗe. Ta ba da labarin 'yar tsanarta da ba ta azumi don tana goyo. Ta tambaya ko dokin da ke juya injin rake ba ya jin jiri. Ta tambaya ko a makarantar Yaya ana duka. Ummuhani na amsawa ƙasa-ƙasa, tana ƙara jan ta da tambaya. Kitson kan 'yar shekara huɗu ya kai su la'asar, don sau da yawa tana kwance layin da ba abin da ya same shi. Ƙarshe yarinyar ta yi barci a cinyarta.

Yatsun Iya ba su warke ba har hutu ya ƙare. Wankan Kulu ma sai Ummuhani, haka ɗaurin zanen Sallah, haka rakiya gidan dangi.

Ta koma da aikinta cikakke, ta zauna jarrabawa ta ci. Firamaren Kudan aka turo ta, aji ɗaya, kuma ni da Kulu muna cikin waɗanda ta fara koyarwa.