Allurar Da Na Yi Ina Kawar Da Kai

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, ni saurayi ne ɗan unguwar Gama, na gama makarantar koyon jinya, lasin ɗina sabo fil a hannu. A unguwarmu ni ne na farko da ya yi wannan karatu, saboda haka kaina ya yi girma. Da aka tura ni aiki wani ƙaramin asibiti a ƙauye mai nisa, sai na ƙi zuwa. A ganina ba zan bar Kano a lokacin da abokaina ke hawa sababbin babura in koma inda babu lantarki ba. Mahaifina ya yi mini faɗa, na yi kunnen ƙashi.

Na zaci asibitocin birni za su yi rububina. Ashe ba haka ba ne. A ma'aikatar lafiya aka ce wanda ya ƙi inda aka tura shi sai ya jira, kuma ba wanda ya san ranar da jiran zai ƙare. Masu asibitin kuɗi kuwa kowa sai ya tambaye ni inda na taɓa aiki. In na ce yanzu na fito, sai a ce in je in goge tukuna. Inda zan goge ɗin shi ne ba wanda zai ba ni. Na yi ta yawo har masinjoji suka haddace fuskata, a gida kuma ƙannena suka fara kirana malamin jinyar tabarma.

Ana haka wani ɗan'uwan mahaifiyata ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan kwangila a Nassarawa, mai neman wanda zai kula da tsohon mahaifinsa da ciwo ya kwantar. Aka ba ni ɗaki a bayan gida tare da sauran ma'aikata. Alhaji ya yi mini alkawarin in na riƙe tsohon da kyau, zai yi magana da manya a sama mini gurbi a babban asibiti. Wannan alkawari shi ya zame mini igiya. Tun ranar farko kuku da mai gadi suka fara kirana Likita. Ya kamata in gyara musu, amma sunan ya yi mini daɗi. Ba a jima ba masu gadin maƙwabta da masu ban ruwan fulawa suka fara zuwa ɗakina da ciwon kai da zazzaɓi, kuma ba wanda yake yarda an yi masa magani in ba allura aka yi masa ba. Ni kuma ina yi, ba likita a kaina, ba babba kusa da ni.

Direban Alhaji dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, sa'an mahaifina. Baba muke ce masa. Shi yake ajiye mini tuwo in na daɗe a ɗakin tsoho, yana yi mini tsiya wai likita bai san maganin yunwarsa ba. Wata rana da yamma zazzaɓi ya rufe shi, ga shi washegari zai kai Alhaji Kaduna. Na ce ya sha ƙwaya ya huta. Ya ce ƙwaya ta yara ce, in bai tashi da ƙarfi ba Alhaji zai ɗauki wani yaro ya ba shi makulli, kuma makullin da ya bar hannu ba ya dawowa.

A makaranta an koya mana in za a yi allura a ɗuwawu, a kwantar da mutum, a buɗe wurin sosai, a zaɓi sama ta gefe, domin akwai babbar jijiya da ke sauka zuwa ƙafa. Na san wannan sarai. Amma Baba ya tsaya a lungun gareji, ya ɗan sassauta mazagi, ya ce in yi sauri. Bakina ya kasa ce wa sa'an ubana ya kwanta ya yaye riga. Da ya ɗaga gefen rigar ma sai na kawar da kaina, yadda aka tarbiyyantar da mu, na lalubi wurin da hannu na soka. Ya zabura ya yi salati, ya ce wani abu kamar wuta ya tsarga masa har tafin ƙafa. Na ce ƙarfin magani ne.

Da gari ya waye ƙafarsa ta dama ta saki, yana tafiya yana jan ta. Ita ce ta birki da totur. Kuku ya ce iska ce ta buge shi a gareji, mai gadi ya ce sammu ne na masu son kujerarsa. Alhaji ya kira ni ya tambaye ni ko a kai shi asibiti. Na san in likita na gaske ya duba, tambayar farko ita ce wa ya yi allura. Na hango lasin ɗina, na hango alkawarin Alhaji, na hango komawa Gama hannu rabbana. Sai na ce ba sai an kai shi ba, irin wannan da kanta take warwarewa.

Alhaji bai kore shi ba, ya mai da shi bakin ƙofa. Daga nan gidan ya zame mini kurkuku. Ba ni da hanyar fita ko shiga sai ta gabansa, yana jan ƙafa ya buɗe mini, yana cewa a sauka lafiya Likita. In na tafi, ba ni da wani aikin. In na zauna, ga shi kullum. Abin da ya fi ci mini rai, yakan zo ɗakina ya roƙe ni in ƙara masa wata allurar ko ƙafar za ta farka. Ni kuwa sai in shafa masa man zafi ina ce masa ya yi haƙuri. Da damina ta zo ya ce zai koma gida, zaman ƙofa ba nasa ba ne. Ya yi mini addu'a mai tsawo kafin ya tafi. Gurbin da Alhaji ya yi alkawari bai taɓa zuwa ba. Da mahaifin Alhaji ya rasu aka sallame ni, na koma ma'aikata na roƙi a tura ni ko ina ne.

Sai da na yi furfura a aiki sannan na iya zuwa ƙauyensu. Na same shi a zaure, ƙafar ta ƙanjame. Na faɗa masa komai. Ya tambaye ni ko da an kai shi asibiti da wuri da an dace. Na ce Allah ne masani, amma da an gwada. Sai ya ce, "Allurar na yafe maka, ɗana, ni na matsa. Shirun da ka yi ne zan yi tunani a kai." Ya sa aka kawo mini fura, ya raka ni bakin hanya da sandarsa. Bai ƙara cewa komai a kai ba, har labarin rasuwarsa ya iske ni.

Ina rubuta wannan ne saboda yaran da ke fitowa yanzu da lasin a hannu. Zaman jiran aiki yana da ɗaci, na ɗanɗana. Amma kada ya tura ku inda za ku yi aiki ba mai duba ku, kada ku amsa sunan da ba naku ba, kuma kada kunya ta hana ku kallon inda za ku soka allura. In kuma hannunku ya kuskure, ku faɗa a ranar, tun ana iya yin wani abu. Ni na bari sai da lokaci ya wuce, ga shi har yau ban san abin da Baba ya yanke a kaina ba.