Yadda Gambarar China Ta Yi Mini Biko

Duk Kantin Kwari babu wanda ya kai ni sanin birnin Guangzhou na ƙasar China. Rufe mini ido a tashar jirgin ƙasa, da ƙafa zan kai ka kasuwar Guangyuan, har shagon da aka fi ragi. Sinanci kuwa sai ka rantse a can aka yanke mini cibiya: nihao, laoban, meiyou, wato sannu, maigida, babu. Me ya rage? Amma akwai abin da ya same ni a garin nan, wanda ko na tsufa na manta sunayen jikokina, shi kam ba zan manta ba.

A lokacin uwargida ta yi yaji. Na ce mata mako biyu zan yi, sai ga ni na share watanni a Xintang ina gadin masu ɗinka mini wandunan jins, don in ka ɗaga ƙafa sai ka dawo ka tarar yadi ya canza. Har walimar saukar karatun 'yarmu aka yi ba na nan. Da ta yi ƙorafi na yi abin da na saba, na cika kwali da jakunkuna da takalma na ba 'yan kago, masu jigilar kaya zuwa gida. Kwalin ya isa Kano ya tarar ta koma gidan mahaifiyarta. Waya kuwa, ko zan kira har batir ya mutu, ba ta ɗagawa.

To akwai wata waƙar gambarar zamani da teloli ke sawa a masana'antar. Na leƙa bidiyonta: saurayi da sarƙar gwal kaurin igiyar rijiya, motoci reras, gida kamar filin jirgi. Na ce yauwa, ga waƙar manya. Da na ji yana ta maimaita meiyou, na ce ka ji ɗan kasuwa, kaya sun ƙare tas saboda ciniki.

Ranar loda kwantena na yi yadda muka saba, na ɗauki bidiyo don kwastomomi su gani a sitatus ɗina na waya. Na sha babbar riga da baƙin tabarau, ina shafa dilolin kaya, na ɗora waƙar a kai. Nufina Hajiya ma ta gani, ta san ba zaman banza nake ba.

Ranar Juma'a, muna fitowa daga Masallacin Huaisheng, wani abokina ɗan Maraɗi, wanda shi da gaske yake jin yaren, ya riƙe hannuna bibbiyu kamar mai ta'aziyya.

"Alhaji, sannu da haƙuri. Ban san abin ya kai haka ba."

"Wane abu? Kwantena ta faɗa teku?"

"Waƙar nan da ka sa mana. Ka san me take cewa?"

"Kuɗi mana!"

"Kuɗi kam akwai. Cewa yake ya tara dukiya, ya gina gida, ya shiga ya yi sallama babu mai amsawa. Ya ci abinci shi kaɗai. Ya kira wadda yake so, ba ta ɗagawa. Ya ce duk motocin nan a kwashe, a ba shi mutum ɗaya mai tambayarsa ko ya ci abinci."

Yaron nan mai waƙar bai taɓa ganina ba, amma kamar a ƙarƙashin gadona yake kwana. Har taliyar da nake ci a tsaye a ɗakin otal ya sani. Na zaro waya zan goge abin kunya kafin duk Kwari su gane, sai ga kira. Hajiya!

Ashe 'yarmu ce ta sa waya ta fassara mata waƙar, layi-layi.

"Alhaji," in ji ta, murya a sanyaye, "ka ci abinci kuwa?"

Sai na ce, "Ai Hajiya, na daɗe ina neman yadda zan faɗa miki."

Kwantenar nan da nake ji kamar ba za ta tashi ba sai da ni, na bar wa ɗan Maraɗi ita, kuma ta iso lafiya lau. Na hau jirgi, na je biko da ƙafata, hannu rabbana, ko kwali ɗaya ban riƙo ba. Tun daga nan na gane gida ba kanti ba ne, ba a cika shi da kaya. Mutum yake so, mai yin sallama a amsa masa.

Na daɗe ina baza labari a majalisa cewa da gangan na zaɓi waƙar, saboda zurfin Sinancina. Rannan ina cikin kora wa baƙi bayani a falo, Hajiya ta ajiye faranti ta ce, "Ku rabu da shi, ko kalma ɗaya bai ji ba, tun ranar na sani. Alhaji ne fa. Komai sai ya yo odarsa daga China, har ban haƙuri."