Motar Auta a Gangaren Makaranta

Mai Labule ba matsoraciya ba ce. Mace ce da ke hawa tsani da ƙusa a baki ta rataya labule a gidajen mutane, ta sauko ta wuce wani gidan. Amma tun ranar da mijinta ya shigo da baƙar motar nan, gabanta bai daina faɗuwa ba.

Mijin direba ne, Auta ake ce masa duk da furfurarsa. Ƙuruciyarsa kaf ya ƙarar da ita yana jan tsohuwar motar kaya ta wani shagon kujeru, yana kallon mai shagon na wucewa a doguwar mota mai kujerun fata. Da ya ajiye aiki, abin da aka sallame shi da shi ko kwana bai yi a gida ba. Ya je ya kwaso irin waccan motar, wadda ta zaga hannun mutane har ta gaji, ya faka ta a ƙofar gida yana shafa ta kamar jaririya.

Kyau kam akwai shi. Sai dai yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ruwa na tafasa a inji, jibi wata jar fitila ta kama a gaban direba. Bakanike kuwa bakinsa ɗaya: "Wannan kayan sai an yi oda." Da Auta ya gaji, sai ya samo baƙin salatif ya liƙe fitilar, wai idan bai gan ta ba hankalinsa ya fi kwanciya. Babban mutum da shi! Batir ma ya fara ciwo, kullum da safe sai an lallaɓa, ya ce zai canja idan hali ya yi.

Fetur ne ya fi gigita shi, don motar zuƙa take ba sha ba. Sai ya koma wa dabararsa ta motar kaya: da ya hau kan gangara ya sa giya a firi, ya kashe inji, mota ta gangara a kyauta. A ƙananan gangarorin unguwa ya yi ta yi yana tsira. Duk lokacin da injin ya yi shiru, Mai Labule sai ta ƙanƙame kujera.

"Baban yara, wannan fa ba waccan akwalar ba ce."

"Ke da kika san zare da allura, me ya haɗa ki da inji? Tun ba ki iya ɗaura zani ba nake wannan."

Wata ranar da azahar suka ɗauki yayarsa za su kai ta asibitin ido. Tsohuwa ce mai baki, ita ta goya shi. Tana baya ta miƙe ƙafa.

"Kai Auta, ina sanyin da ake cewa motar manya na da shi? Ni dai dahuwa nake."

"Yaya, sanyi mai yake ci."

"To buɗe min taga."

"Ta wannan gefen ba ta buɗuwa."

"Oh ni! Amaryarmu, ashe akwati mijinki ya saya mana."

Mai Labule ba ta yi dariya ba, don ta ga inda suka nufa. Doguwar gangarar nan ce da ke sauka har ƙofar makarantar firamare, kuma an tashi yara. Kafin ta buɗe baki ya murɗa makulli. Shiru.

Ya taka birki, ta rage gudu. Ya sake takawa, ta rage. Da ya ƙara, sai birkin ya ƙame kamar dutse, don ƙarfinsa daga inji yake. Mai Labule ta ga ƙafarsa na dannawa ba ya shiga, ta ga jijiyar wuyansa ta tashi, sitiyarin ma ya yi nauyi yana kokawa da shi.

"Tayar da ita! Baban yara, tayar da ita!"

Ya murɗa makulli. Ƙas-ƙas-ƙas. Batir ya ƙi.

A ƙasa yara na tsallaka titi da jakunkunansu, wata 'yar ƙarama ta tsuguna a tsakiya tana gyara takalmi. Mai Labule ta kai hannu tsakanin kujeru tana laluben hambirki, inda ta san yake a motar kaya. Ba komai a wurin sai ramin ajiye kofi. Yaya na salati a baya. Mai Labule kuwa idonta na kan yarinyar kawai.

A gefen hanya wasu magina sun zube yashi. Ta kama sitiyarin da hannu biyu, ta haɗa ƙarfinta da nasa suka ja. Motar ta hau dakali ta nutsa hanci cikin yashin, goshin Mai Labule ya bugi gilashi. Yarinyar ta gama da takalminta ta bi ƙawayenta a guje, ba ta ko waiwayo ba.

Auta ya fito. Abin da ya fara dubawa? Fitilar gaba. Ya durƙusa yana share mata yashi da hularsa, matarsa na zaune jini na bin girarta.

Yaya ta lallaɓo ta fito daga baya, ta zura hannu ta zare makullin, ta ƙulle shi a bakin mayafinta.

"Yaya, ai shi ke nan guda ɗaya. Wani sai an yi oda."

"Idan ka isa, zo ka kwance."

Bai isa ba. Magina ne suka turo motar gida da yamma, suka tokare tayoyinta da bulo. Ɗinki aka yi wa Mai Labule a goshi, a asibitin da suka nufa tun farko. Ta koma hawa tsaninta, amma har yau idan za ta kai aiki ta bayan makarantar nan, gara ta zaga ta doguwar hanya da ƙunshin labule a ka.