Masarar da Saude Ta Sare

A wajenmu, wanda gonarsa ke bakin hanya yakan jera masara a gaban tumatirinsa. Ba cin masarar ne ya dame shi ba. Ido ake tsoro, da kambun baka. Abin da mutum bai gani ba, ba ya hana shi barci.

Saude ma haka ta tarar, haka ta yi. Da mijinta Bilya ya rasu, ya bar mata yara ƙanana da gona a bakin hanyar Bunkure, dab da kanal, magudanar ruwan noman rani. Ta ɗaura ɗamara ta shiga. Ita ke ban ruwa, ita ke cire ciyawa. Masara ta tashi ta rufe komai.

Jaji, ƙanin marigayin, tasa gonar na can ƙarshen kanal, inda ruwa ke isa a gajiye. Ba zan ce ƙyashi ya yi ba. Na dai lura in ya biyo hanyar nan, tafiyarsa takan ragu. Can sai aka fara ji a majalisa wai gonar marayu ta lalace a hannun mace, wai ciyawa ce zalla a bayan masarar. Ba wanda ya leƙa, don leƙen gonar wani abin kunya ne. Dattawan gidan suka sa ranar zama, za su danƙa wa Jaji gonar ya riƙe wa yaran.

Ana gobe zaman, ranar kasuwar Bunkure ce, hanya ta cika. Saude ta ɗauki adda ta bi masarar nan, ko nuna ba ta yi ba, ta kwantar da ita duka. Tumatir ya fito jajir har ƙarshen gona. Masu babur suka riƙa tsayawa.

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji. "Ke Saude, kin tona wa gonarki asiri! Baki zai kama ta."

"Iya, ai tun tana a rufe bakin ya kama ta. Bari kowa ya kalla ya ƙoshi."

Ta hango Jaji a cikin taron. "Ƙanin miji, matso ka ga ciyawar da kake faɗa. Kawo kwando in tsinko maka ta miya."

Zaman dai ba a yi shi ba. Wasu daga cikin dattawan sun bi hanyar zuwa kasuwa ranar da ta sare masarar, sun gani da idonsu.

Har yau ba masara a gaban gonar Saude. Jaji kuwa ya sauya hanya.