Kunnen Tofazzal na Hagu

Tofazzal mai gyaran agogo ne a wani lungu na birnin Chittagong da ke bakin teku, siririn mutum wanda ko kaza bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Abu ɗaya ya ɗauke masa hankali a duniya: tsuntsaye. Da damina ta ɗauke, tsuntsayen arewa suka sauko gaɓar teku, sai ya kulle shago ran Alhamis, ya saɓi tanti da madubin hangen nesa. Abokan tafiyarsa biyu ne, Bimal malamin makaranta, da Absar direban babbar mota, mai bakin tsiya.

A wata shekara suka kafa tanti a wani tsibiri na yashi da taɓo. Da hantsi ruwan teku ya janye, kamar yadda ya saba kullum kafin ya dawo. Absar na soya busasshen kifi yana tsiya.

"Yaya Tofazzal, mutane na neman na miya, kai kana leƙen 'yan tsaki!"

Tofazzal ya ɗora madubin a ido. Ta madubin ya hango raga an ɗaure ta a jikin gora, tsuntsaye sun maƙale suna fafutika. Mutum uku na bin ragar, suna murɗe wuyansu suna jefawa a buhu.

Ya ajiye madubin, ya kutsa cikin taɓo har gwiwa. Yana isa ya zaro 'yar wuƙarsa ya hau yankan raga.

"Kai! Uban wa ya aiko ka?" in ji babbansu, wani dattijo mai adda a hannu.

"Kawu, baƙi ne fa, daga nesa suka zo."

"Baƙi? To 'ya'yana da ke gida ba su da ciki ne?"

Tofazzal ya ci gaba da yanka. Ɗaya daga cikin samarin ya zabga masa filafilin kwalekwale a gadon baya, Tofazzal ya kifa da fuska. Absar ya iso da kaskon suya, ya maka wa saurayin a baki, haƙora suka zubo da jini. Bimal ya shiga rabo, aka karya masa hannu, ƙashin ya yi ƙara kamar busasshen kara. Tofazzal ya miƙe ya rungumi dattijon, suka yi ta birgima. Addar ta sauka a gefen kan Tofazzal, ta zaftare kunnen hagu. Bai ma ji zafi ba, ɗumi kawai ya ji yana bin wuyansa.

Ba wanda ya lura ruwa ya juyo sai da ya kai musu ƙugu. Tanti na can nesa, taɓo kuma ya riƙe ƙafafu. Dattijon ya haye kwalekwalensa, ya dube su, ya tofar da yawu.

"Ku hau, 'yan banza! Ba zan ɗauki alhakin gawar mahaukata ba."

Haka aka tuƙa su shida, suna zubar da jini a kan buhun matattun tsuntsaye, ba mai kallon wani.

Kunnen bai ɗinku ba. Bimal bai sake taka bakin teku ba, matarsa ma ta hana a ambaci Tofazzal a gidanta. Absar kuwa har yau yana ba da labarin a tasha, ya mai da mutum ukun goma. Shi Tofazzal da sanyi ya zagayo ya koma tsibirin shi kaɗai. Ya tarar an kwashe ragar, an kafa ta a wani tsibirin da ke gaba.